Yadda Sukari Ke Yi Wa Jiki Ƙanzo

Wata ranar Jumma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo mutumin ƙasarmu wanda ya daɗe da zama a nan Ingila ya ja ni gefe, ya zaro wata takarda daga aljihu. Ya ce, "Malam, ku ne masu ilmin zamani, duba mini wannan. Likita ya ɗebi jinina, ga shi yanzu ya rubuto wai in koma a sake ɗiba, yana zaton ina da ciwon sukari. Ni kuwa sai da na yi kwana uku ban sa sukari a shayi ba kafin in tafi. To, a ina ya gan shi?"

Na karɓa na duba, sai ga haruffa HbA1c, a gabansu an rubuta 53. Na ce, "Baba Alhaji, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan awon ba ruwansa da abin da aka sha jiya ko shekaranjiya, lissafin wata uku ya ke kawowa."

Ya riƙe baki, ya ce, "Ikon Allah! Jini kuma har lissafi ya ke ajiyewa?"

I, yana ajiyewa. Ba jini kaɗai ba, har fata da ido da ƙoda da guringuntsi, ko wanne yana da nasa littafin lissafi, wani na wata uku, wani na shekara goma sha biyar, wani kuwa tun daga ranar haihuwa har ranar mutuwa. Bari mu bi abin daki daki, mu fara daga madafa, gama a can masana suka fara ganinsa.

Abin da ke faruwa a gindin tukunya

Kowa ya san ƙanzo. An tuƙa tuwo fari fat, amma wanda ya kwanta a gindin tukunya sai ya yi ja, ya yi tauri, ya yi ƙamshi. Haka tsire, haka ƙosai, haka ɓawon burodi da soyayyar gyaɗa. Me ya ke sa su ja da ƙamshi? A cikin irin waɗannan abinci akwai abu biyu. Akwai sukari, ko da harshe bai ji zaƙinsa ba. Akwai kuma abin da likitoci ke kira furotin, watau abin nan da a ke gina jiki da shi, wanda ya ke da yawa a nama da wake da ƙwai da madara. In wuta ta yi ƙarfi sai sukarin ya liƙe wa furotin ɗin, su rikiɗe su zama wasu abubuwa dabam masu launin ƙasa.

Wanda ya fara bayyana wannan shi ne wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, a ke faɗin sunansa Mayar. A shekara ta 1912 ya haɗa sukari da tubalan furotin cikin ruwa, ya ɗora a wuta, ya ga ruwan ya yi rawaya, sa'an nan ya yi ja, har ya yi duhu. Shi kansa ya yi zaton abin zai shafi masu ciwon sukari, amma likitocin zamaninsa ba su kula ba. Masu sana'ar abinci ne suka kula, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka ga garin ƙwai da garin madara da a ke aika wa soja suna yin ja a ajiye, ɗanɗanonsu yana ɓaci. A 1953 wani masani a Amurka, John Hodge, ya tsara matakan abin ɗaya bayan ɗaya, har yau kuwa da tsarinsa a ke koyarwa.

To, ka lura da garin madaran nan na soja. Ba wanda ya ɗora shi a wuta. Ajiya kawai aka yi cikin ɗumi, wata da watanni, ya yi ja. Wanda ya taɓa buɗe gwangwanin madara mai kauri da ya daɗe a kanti cikin zafi ya ga irin wannan. Ashe abin da wuta mai digiri 150 ke yi cikin 'yan mintoci, ɗumi kaɗan ma yana yinsa, sai dai a hankali. Jikin ɗan Adam kuwa digiri 37 ne, dare da rana, shekara saba'in ko tamanin, ga sukari a ciki, ga furotin. Ka ga an haɗa duk abin da ƙanzo ke bukata.

Yadda sukari ke liƙewa

Sukarin da ke yawo a jini sunansa gulukos. Shi ne itacen wutar jiki, in babu shi ƙwaƙwalwa ba ta aiki ko na sa'a ɗaya. Amma kaɗan a ke so. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, gulukos ɗin da ke cikinsa duka, in mutum lafiyayye ne bai ci abinci ba tukuna, bai wuce giram 4 ko 5 ba, watau cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Akwai wani sinadari, insulin, wanda wata halitta da ke kwance a bayan tumbi ke fitarwa, shi ne mai tsaron wannan ma'auni. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai cokali ɗaya ya zama biyu, ya zama uku. Wannan shi ne ciwon sukari.

Ƙwayar gulukos a naɗe ta ke kamar zobe, muddin kuwa tana naɗe ba ta kama kome. Amma jifa jifa zoben kan buɗe, ko da ya ke waɗanda ke buɗe a lokaci guda ba su kai ɗaya cikin dubu ba. In ya buɗe sai bakinsa ya kama furotin ɗin da ke kusa. Daga nan abin mataki uku ne.

Na fari, cikin 'yan sa'o'i, riƙon sako-sako ne, in sukarin jini ya sauka sai ya saki. Na biyu, in riƙon ya daɗe kwanaki zuwa makonni, sai ya sake siffa ya ƙulle, sakinsa ya yi wuya. Wannan mataki sunan wani masani ɗan Italiya ya ke ɗauke da shi, Mario Amadori. Na uku, bayan watanni da shekaru, sai abin ya rikiɗe sarai, har ya kan ɗaure zaren furotin guda biyu wuri ɗaya, ɗaurin da ba ya kwancewa. Likitoci suna kiran waɗannan na ƙarshe da haruffa uku, AGE, waɗanda a Turanci suka yi daidai da kalmar da ke nufin shekaru da tsufa. Mu a nan sai mu ce da su ƙanzon jiki.

Allah kuwa bai bar jiki haka ba tsaro. Yawancin furotin ɗin jiki a kan rushe shi a sake sabo cikin kwanaki ko makonni, tun ƙanzo bai kama ba, ƙoda kuma ta tace gutsattsarin ta zubar a fitsari. Akwai wani ɗan sinadari mai suna metilgilayoksal, wanda ke fita sa'ad da jiki ke ƙona sukari, ya fi gulukos saurin kama furotin nesa ba kusa ba, shi ma an tanadar masa masu kashe kaifinsa a cikin ko wace ƙwayar halitta. Matsalar tana wuri biyu. Ɗaya, in sukari ya yi yawa har ya fi ƙarfin masu shara. Ɗaya kuwa, sassan jikin da ba a sake su da wuri.

Littafin lissafin jini

Mu koma ga takardar Alhaji. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani furotin, himogulobin, shi ne ke ɗaukar iskar da mu ke shaƙa ya kai ta ko ina a jiki. A 1968 wani likita a Jami'ar Tehran ta ƙasar Iran, Samuel Rahbar, yana binciken ire-iren himogulobin, sai ya ga wani iri baƙo ya yi yawa a jinin masu ciwon sukari. Ya tafi Niyu Yok ya sake gwadawa, ya tabbatar a 1969. Da aka bincika sai aka tarar ashe himogulobin ne wanda gulukos ya liƙe wa. A 1976 Anthony Cerami da Ronald Koenig da abokan aikinsu, a Jami'ar Rockefeller, suka nuna za a iya auna shi a san yadda sukarin mutum ya kasance a makonnin baya.

Ga dalili. Ko wace jar ƙwayar jini kwana 120 ta ke yi, sa'an nan a rushe ta, jiki kuwa yana ƙera sababbi wajen miliyan 2 a ko wace daƙiƙa. Duk tsawon kwanakin nan tana iyo cikin sukarin jini. In sukarin kaɗan ne, kaɗan zai liƙe mata, in da yawa ne, da yawa. Abin da ya liƙe kuwa yana nan har ta mutu. Sabo da haka in an ɗebi jini yau, akwai ƙwayoyi 'yan kwana ɗaya, akwai 'yan wata ɗaya, akwai 'yan wata uku, ko wacce da shaidarta, ko da ya ke watan ƙarshe shi ya fi rinjaye. Ƙauracewar kwana uku ba ta share wannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da awon nan wajen gane ciwon sukari, ta sa iyaka a kashi 6.5 cikin ɗari. A nan Ingila da wani ma'auni a ke rubutawa: ƙasa da 42 lafiya, daga 42 zuwa 47 an kusa, daga 48 zuwa sama ciwon sukari. Lambar Alhaji, 53, daidai ta ke da kashi 7 cikin ɗari. In mutum ba ya jin alamun ciwon, a kan sake awo kafin a yanke magana, shi ya sa aka ce ya koma.

Akwai gargaɗi guda wanda ya shafe mu musamman. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da iri ɗaya na sikila, watau AS. Wasu na'urorin awo su kan yi kuskure da irin wannan jini. Mai cikakkiyar sikila kuwa, SS, jajayen ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kaɗai su ke yi, ba su daɗe ba balle su tara shaida, sai lambar ta fito ƙasa ta ruɗi likita. Haka wanda ya zubar da jini da yawa, ko aka yi masa ƙarin jini kwanan nan. Duk wanda ya san yana cikin waɗannan, ya gaya wa likita, akwai wasu hanyoyin awo.

Sassan da ba a sake su

Jar ƙwayar jini ta yi sa'a, bayan wata huɗu an shafe bashinta. Amma akwai wani furotin, kolajin, wanda shi ne igiyoyin da suka ɗaure jiki: shi ne ƙarfin fata da agara da guringuntsi da bangon jijiyoyin jini, ya kuwa fi rubu'in dukan furotin ɗin jiki. A shekara ta 2000 masana a ƙasar Holan suka ƙiyasta cewa kafin jiki ya sake rabin kolajin ɗin fata sai an yi shekara 15, na guringuntsin gaɓoɓi kuwa shekara 117. Watau guringuntsin da ka balaga da shi, kusan da shi za ka koma ga Mahaliccinka. A cikin ido kuma akwai wani ɗan abu garai garai kamar gilashi, wanda haske ke ratsawa. Furotin ɗin da ke tsakiyarsa tun mutum yana ciki aka yi shi, ba a kuwa sake shi har abada.

A 1981 Vincent Monnier da Anthony Cerami suka kawo shaidar cewa rawayar da gilashin idon nan ke yi da tsufa tana da nasaba da jan da abinci ke yi a ajiye. A 1984 suka auna kolajin ɗin mutane masu shekaru dabam dabam, suka ga launin ƙanzo yana ƙaruwa a hankali daidai da shekaru, a jikin kowa, ko mai ciwon sukari ko marar shi. Amma wasu masu ciwon da suka auna, nasu ya kai na mutanen da suka ninka su a shekaru.

Wanda ya taɓa ganin aikin majema a Kano ko Sakkwato zai gane abin da sauri. Ɗanyar fata laushi gare ta, tana miƙewa tana komawa. In an jiƙa ta a ruwan bagaruwa, sai wani abu da ke cikin bagaruwar ya shiga tsakanin zaruruwan kolajin ya kama su, fata ta zama kirgi, ba ta kuwa komawa ɗanya. Hanyar da sukari ke bi dabam ce da ta bagaruwa, amma ƙarshen ya yi kama: zaruruwan da ya kamata su riƙa zamewa a kan juna an ɗaure su. Ba'ajemi ya kan shafa mai ya bubbuga kirginsa ya yi laushi. Wa zai yi wa jijiyar da ke cikin ƙirji haka?

To, ga abin da ke biyo baya. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya kamar roba ta ke a jikin yaro, in zuciya ta turo jini sai ta buɗe, sa'an nan ta koma. In ta yi tauri sai bugun ya wuce da ƙarfinsa duka, wannan yana daga cikin dalilan da ke sa lambar sama ta awon hawan jini ta riƙa hawa da tsufa. Fata ta rage komawa in an ja ta. Gaɓoɓi su ƙage, har wasu da suka daɗe da ciwon sukari in sun haɗa tafin hannuwansu biyu ba sa iya manne yatsunsu. Gilashin ido ya dushe, yanar ido ta zo, ta kan kuwa zo wa masu ciwon sukari da wuri fiye da sauran mutane.

Daga tsufa zuwa cuta

Tauri ba shi ne ƙarshen ɓarnar ba. A 1992 Ann Marie Schmidt da David Stern da abokan aikinsu, a Jami'ar Columbia ta Niyu Yok, suka gano wani abu a bangon ƙwayoyin halitta mai kama da ɗan tsaron ƙofa, suka sa masa suna RAGE. In ƙanzo ya taɓa shi sai ya yi kururuwa kamar abokin gaba ya shigo, jiki ya tayar da kumburi irin wanda ya ke yi wa rauni. Kumburin kwana biyu magani ne, amma na shekara ashirin a bangon jijiya ɓarna ne.

Inda abin ya fi tsanani shi ne ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda suka fi gashin kai siranta, a wuri uku. A bangon ido na ciki su kan yi yoyo ko su toshe, gani ya tafi. A ƙoda, rariyar da ke tace jini ta kan yi kauri ta kuma yi yoyo, furotin ya riƙa zuba a fitsari, in ba a tare ba har a kai ga wankin ƙoda. A ƙafa, jijiyoyin ji su kan mutu, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, gyambo ya ƙi warkewa, har wani lokaci a yanke. Duk wannan yana iya tafiya shekaru mutum yana cin abinci lafiya, yana zuwa aiki, ba inda ke masa ciwo. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 manya miliyan 589 ke da ciwon, fiye da huɗu cikin goma kuwa ba su san suna da shi ba.

Akwai wani babban gwaji da ya kamata kowa ya ji labarinsa. Daga 1983 zuwa 1993, a Amurka da Kanada, aka raba mutum 1,441 masu irin ciwon sukarin da ke kama yara da matasa gida biyu. Kashi ɗaya aka tsananta kula da su, lambarsu ta tsaya wajen kashi 7, ɗaya kashin kuwa aka bi yadda aka saba a lokacin, tasu tana wajen 9. Waɗanda aka tsananta wa, kamuwa da ciwon bangon ido ta ragu musu da kashi 76 cikin ɗari, ciwon jijiyoyin ji da kashi 60, ko da ya ke sun fi sauran yawan faɗuwar sukari mai tsanani har ninki uku. Da gwajin ya ƙare sai kowa ya koma hannun likitansa, cikin 'yan shekaru lambar kashi biyun ta zama ɗaya, wajen 8. Sai a zaci daga nan sun zama daidai. Ina! Aka ci gaba da bin su, a 2005 aka bayyana cewa waɗanda aka tsananta wa tun fari ciwon zuciya da na manyan jijiyoyi ya ragu musu da kashi 42 cikin ɗari. An kuma yanki 'yar fata daga wasunsu aka auna, aka ga masu yawan ƙanzo a kolajin su ne ciwon ido da na ƙoda ya fi ci gaba a jikinsu daga baya. A nan Ingila ma an yi irin wannan gwaji a kan ciwon sukarin manya, an fara a 1977, aka ba da sakamako a 1998, a 2008 kuma aka ga amfanin kulawar farko yana nan bayan shekara goma. Likitoci suka ce jiki yana tuna sukarin da ya wuce, suna kuwa ganin ƙanzon nan yana daga cikin dalilai.

Kada a wuce gona da iri

Mai karatu kada ya tashi da zaton sukari kaɗai ke kawo tsufa. Dubi tsuntsaye. Sukarin jininsu ya ninka namu sau biyu ko fiye, wanda da a jikin mutum ne da an ce ciwo ne, amma tattabara tana iya wuce shekara 15, alhali babban ɓera mai nauyinta da ƙyar ya ke kai 4. Tsufa igiya ce mai tufka da yawa, ƙanzon sukari tufka ɗaya ce. Ko a ciwon sukarin kansa, Michael Brownlee ya lissafa a 2001 hanyoyi huɗu da yawan sukari ke bi ya yi ɓarna, ƙanzo ɗaya ne daga cikinsu.

An kuma nemi magani. Akwai wani mai suna aminoguwanidin, wanda a 1986 aka ga yana hana ɗaurin kolajin a jikin ɓeraye. Da aka gwada shi ga mutane masu ciwon ƙoda, gwaji ɗaya bai nuna amfanin da a ke nema ba, ɗaya kuwa aka tsayar da shi sabo da illa. Wani mai suna alagebiriyum an yi fatan zai tsinke ɗaurin da ya riga ya ƙullu, shi ma bai kai kasuwa ba. Har yau babu maganin da hukumomi suka amince yana kankare ƙanzon jiki. Duk wanda ya tallata maka ƙwaya ko man shafawa a intanet da sunan yana yin haka, riƙe kuɗinka.

Tsire fa?

Da na kawo nan sai Alhaji ya ce, "To, Malam, in ƙanzo ne cutar, ke nan tsire da balangu sun haramta?" Na ce ba a kai nan ba. Gaskiya ne abincin da aka gasa ko aka soya yana ɗauke da irin waɗannan abubuwa, an kuwa ƙiyasta wajen kashi 10 cikin ɗari na abin da aka ci yana shiga jini. Helen Vlassara da abokan aikinta a Niyu Yok sun auna abinci iri iri, a 2010 suka nuna naman da aka gasa ko aka soya ya fi wanda aka dafa da ruwa yawansu ƙwarai, naman da aka jiƙa sa'a ɗaya a ruwan lemon tsami kafin a gasa kuwa, nasa bai kai rabi ba. Amma masana ba su haɗu a kan yawan cutarwar wannan ba, yadda suka haɗu a kan sukarin jini. Wanda ya yawaita farfesu ya rage suya bai yi hasara ba. Hayaƙin taba kuwa, an nuna a 1997 yana ɗauke da abubuwan da ke haddasa ƙanzon nan, ƙari a kan sauran sharrinsa.

Babban abin dai shi ne sukarin da ke cikin jini, da tsawon lokacin da ya ke yi a sama. A nan ne Alhaji ya yi kuskure na biyu, gama ya ɗauka sukari shi ne farin nan na cikin shayi kaɗai. Shinkafa da burodi da tuwo da doya duk gulukos su ke zama in sun isa hanji. Zuma, da darajarta duka, wajen kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada sukarin da a ke ƙarawa, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya wuce wajen giram 50 a yini ga babban mutum, watau ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Gwangwani ɗaya na lemon zaƙi ya kan ɗauki giram 35. Mai shan shayi kofi huɗu, ko wanne da cokali uku, ya cika mudunsa tun bai taɓa kome ba.

Mu da ke zaune a ƙasashen sanyi sai mu ƙara lura. Wanda a gida ya saba da tafiyar ƙasa da aikin gona, a nan daga mota sai kujera, ga hunturu mai kulle mutum a ɗaki, akushin kuwa bai ragu ba. A Ingila likitoci suna lissafa baƙar fata 'yan asalin Afirka cikin masu haɗarin ciwon sukarin manya tun daga shekara 25, Turawa kuwa daga 40. Amma akwai bushara. A 2002 wani gwaji a Amurka ya nuna mutanen da ke bakin kamuwa, da suka rage wajen kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, suka riƙa tafiya da sauri minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne, kwana biyar.

Alhaji ya yi shiru, ya ninke takardarsa. Can ya ce, "Wanda ya riga ya kama fa, Malam?" Na ce, "Baba, na jini zai wanke cikin wata uku ko huɗu in sukarin ya sauka, na fata sai an yi shekaru, na ido da guringuntsi kuwa ya zauna. Amma uwargida in ta ji ƙauri ba ta zubar da tuwo, itace ta ke janyewa. Ku koma wurin likita ranar da ya sa, ku gaya masa ko kuna da AS, in ya ba da magani ku sha, ku kuma bari a riƙa duba muku ido da ƙoda da ƙafa a kan lokaci."

Ya ce zai koma, ya kuwa tambaye ni ko 'ya'yansa ma su je a auna su, ga babban ya kai talatin. Na ce su ne ma suka fi cancanta, gama shekarun da ke gabansu sun fi yawa, abin da aka tare yau kuma shi jiki zai tuna nan da shekara ashirin. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu tsufa da idanunmu da ƙafafunmu, amin.